Mai Faci da Ajiyar Mutane

Ƙarfe bakwai da rabi take shigowa ofis, mai shara bai ma gama goge ƙasa ba. Takan rataye jakarta a bayan kujera, ta tura takalmanta ƙarƙashin tebur, ta tsiyaya shayi daga fulas ɗinta mai tsagaggen murfi, sannan ta kunna kwamfuta. Ba ta doguwar gaisuwa da kowa sai ta gama abu ɗaya. Takan ɗauko sabon kwafin wasan da injiniyoyinmu suka haɗa jiya, ta riƙa buɗe tsofaffin ajiyoyi a cikinsa ɗaya bayan ɗaya, tun daga ta shekarar farko har ta makon da ya wuce. Guda arba'in da 'yan kai ne. In duk sun buɗe, sai ta ɗago kai ta tambaye mu yadda muka kwana da yadda yara suke. In ɗaya ta ƙi buɗewa, to mun san yau wani zai ji a jikinsa.

Shekara tara ke nan tana wannan aiki. Mai Faci muke ce mata a bayan idonta, a gabanta kuwa Yaya, domin duk ta girme mu, har shi Oga mai kamfanin. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Bari in yi wa wanda bai san harkar ba bayani. Mu goma sha huɗu ne, kuma wasan kwamfuta ɗaya muke yi. A cikinsa mutum yakan sauka a wani kwari da babu kowa, ya share daji, ya haƙa rijiya, ya yi gona, ya kiwata dabbobi, har baƙi su fara zuwa gari ya tashi. Tun wasan bai kammalu ba muka fitar da shi kasuwa, kamar mutumin da ya tare a gida magina suna kan aiki. Jama'a suna bugawa, mu muna ƙara gini, duk bayan wata biyu ko uku mu saki sabuntawa. Duk abin da mutum ya gina yana cikin wani ɗan fayil da ake kira ajiya. In muka canza tsarin wasan, sabon yakan kasa gane tsohuwar ajiya, sai mutum ya buɗe ya tarar garinsa na shekara biyu ya koma fili fetal. Aikin Mai Faci shi ne ta haɗa tsohon da sabon, yadda ko kaza ɗaya ba za ta ɓata wa kowa ba.

Ni ne mai amsa wasiƙun masu buga wasan, don haka na san wanda ake yaba wa. Mai zane in ya ƙara sabuwar bishiya, saƙonni ɗari za su shigo ana sa masa albarka. Mai sauti in ya gyara kukan tsuntsu, haka. Ita kuwa in ta yi aikinta daidai babu abin da ke faruwa, mutum ya buɗe garinsa ya same shi yadda ya bar shi, ya ci gaba da nomansa. Wa zai zauna ya rubuta godiya don bai rasa komai ba?

A shekara ta huɗu aka yi wadda ba zan manta ba. Injiniyoyi sun sake fasalin ƙasa gaba ɗaya, da koguna da tsaunuka, kuma gaskiya abin ya yi kyau. Oga ya tara mu ya ce babu yadda tsofaffin ajiyoyi za su shiga wannan sabon tsari, za a sanar da jama'a kowa ya fara daga farko. Ya ce wasu kamfanoni haka suke yi, kuma tun ranar da mutum ya sayi wasan an rubuta masa cewa hakan na iya faruwa. Yawancinmu mun gyaɗa kai, har da ni, don mun gaji.

Mai Faci ta tashi ta jona kwamfutarta da babban allon ɗakin taro, ta buɗe ajiyar wani da ba mu sani ba, wadda ya taɓa aiko mana don a duba masa wata matsala. Ta riƙa zagayawa da mu cikin garinsa a hankali. Ga hanya ta lanƙwasa don kada a sare wata tsohuwar bishiya. Ga benci a bakin rijiya. Ga wani ɗan shinge a bayan gari inda yake binne shanunsa in sun mutu, kowace da dutsenta. Ta nuna mana lambar da ke ƙasan allo, awa dubu ɗaya da ɗari biyu.

Oga ya ce, "Yaya, mun fa rubuta musu gargaɗi."

Ta ce, "Ka rubuta, ƙanena, layi ɗaya. Amma shekara huɗu kana ce musu su zauna su yi gini."

Ta nemi mako shida, ya ba ta biyar, ta ci bakwai. Abin da ya fi ba ta wahala kogi ne, domin sabon kogin yakan ratsa ta tsakiyar gidajen mutane. Sai da ta koya masa kaucewa duk inda ya tarar da gini. Sabuntawar ta makara, aka zage mu tas a intanet, ni na haɗiye zagin, Oga kuma ya yi kusan wata yana gaishe ta a tsaitsaye. Ranar da aka saki, mutum dubu goma sha ɗaya suka buɗe garuruwansu suka same su a tsaye, da sabon kogi yana bi ta gefe. Yawancinsu har yau ba su san an taɓa yanke shawarar share su ba.

Ke ce kika tsaya wa mutanen da ba su san ana shari'arsu ba, Yaya. Ke ce mai ɗinkin da ba a ganin zarensa.

Ba zan ce tana da sauƙin zama ba. Bakinta akwai kaifi, kuma in ta ce a jira, ko rufin ofis zai faɗo sai an jira. Ta taɓa mayar wa wani injiniya aikinsa sau biyar a rana ɗaya, har ya fita waje ya zagaya ginin yana magana shi kaɗai. Ita ma ta taɓa yin kuskure. A shekara ta shida ta manta ba ta gwada ajiyar masu buga wasan su biyu tare ba, mutum wajen ɗari uku suka wayi gari rumbunansu babu ko ƙwaya. Na shirya zan rubuta irin ban-haƙurin da aka saba, wanda ba ya nuna mai laifi. Ta karɓe madannan kwamfutar daga hannuna ta rubuta da kanta cewa ita ce ba ta duba ba, ga abin da za a iya dawo da shi, ga wanda ya tafi ke nan. Tun daga ranar wasanmu ba ya taɓa ajiyar kowa sai ya fara ɓoye kwafinta a gefe.

Bara wata mata ta rubuto mana. Ta ce mahaifinta tsohon malamin firamare ne, shekara talatin da biyar yana koyarwa, bayan ya yi ritaya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya tafi da hannunsa na dama da yawancin maganarsa. Ita ta sa masa wasanmu don ya riƙa motsa hannun hagu. Shekara uku yana gini a hankali, kuma duk baƙon da ya zo garinsa sai ya raɗa masa sunan ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibansa, harafi bayan harafi, da yatsa ɗaya. Bayan sabuntawar ƙarshe ajiyar ta ƙi buɗewa. Ta ce kullum da safe yakan sa a tura shi gaban kwamfutar, ya danna, ya zauna yana kallon allo, abinci ma ya rage ci.

Na kai wa Mai Faci. Kwana huɗu tana kan fayil ɗin nan, ga wani aikin yana jiranta. A rana ta huɗu na ji ta buga tebur. Ashe sabon tsarin ba ya gane haruffa masu ƙugiya, da ya ci karo da ƙ ko ɗ ko ɓ a cikin suna sai ya shaƙe. Duk ajiyoyin da take gwadawa kullum babu mai irin wannan suna.

Ta ce, "Dubi abin kunya. Ni da nake da ƙugiya a cikin sunana na yanka."

Da ta gyara, ta bincika ta gano wasu mutum goma sha tara da abin ya shafa, waɗanda suka haƙura ba su ko rubuto ba. Ta sa na bi su ɗaya-ɗaya. Shi kuwa malamin, 'yarsa ta kira mu ta bidiyo don mu ga an buɗe. Muka ga dattijo a keken guragu, an yafa masa mayafi a kafaɗa, yana jan linzamin kwamfuta da hannun hagu daga wannan mutum zuwa wancan, yana tsayawa a kan kowane suna leɓensa na motsi. Ya fi minti goma yana yi, babu wanda ya katse shi. Da ya kai na ƙarshe ya faɗi wata magana da ba mu ji ba. 'Yar ta sunkuya, sannan ta juyo gare mu.

Ta ce, "Baba ya ce sun cika."

Mai Faci ta yi masa addu'ar samun sauƙi, ta kira shi Baba ita ma, ta kashe kiran, ta tafi ta wanke fuska. Da ta dawo sai ta hau ni da faɗa, wai don me na bar wasiƙar matar ta kwana biyu kafin in kawo mata. Gaskiyarta ce, ban musa ba.

Idonta ne ya gaji. Mun daɗe muna lura tana ƙara girman rubutun allonta, har ya kai kalma huɗu suna cika layi. Likita ya ce ya isa haka, maigidanta kuma ya zo ofis da kansa ya ce tun da ba ta jin tasa, ya kawo ƙara wurin Oga. Wata uku da suka wuce ta shafe su tana rubuta wa injiniyan da zai gaje ta duk abin da ke kanta, kowane faci da dalilinsa da shekarar da aka yi shi. Injiniyan nan kuwa shi ne wanda ya taɓa zagaya gini yana magana shi kaɗai, kuma ita ta zaɓe shi. Da Oga ya tambaye ta kyautar da take so ta sallama, ta ce abu ɗaya ne: in magajinta ya ce a jira, a jira shi, ko da bai iya faɗa kamar ita ba.

Ku da kuke da ikon canza abin da wasu suka dogara da shi, ko manhaja ce, ko fom ɗin ofis, ko hanyar unguwa, ku yi koyi da matar nan. Kafin ku rushe don ku gyara, ku leƙa ku ga wa ke zaune a ciki. In kuma a wurin aikinku akwai wani mai taurin kai da ke hana ku sauri, ku je ku gaishe shi yau, wataƙila saboda shi ne ba a taɓa kuka da ku ba.

Mun gode, Yaya. Na gode a madadin dubban mutanen da ba su san sunanki ba, kuma ba za su sani ba. Sannu da aiki, Allah ya ba idon lafiya, Allah ya huta gajiya.