Rumfar Fijon Mijinyawa

Duk wanda ya taɓa hawa motar haya daga Keffi zuwa Agwada a shekarun baya ya san Mijinyawa, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon direban nan na Gangaren Tudu mai tsohuwar Fijo shuɗiya, wanda ba ya gudu, ba ya kunna rediyo, ba ya kuma yarda a zagi motarsa. Ka faɗa masa duk abin da ka ga dama, murmushi zai yi. Amma ka kuskura ka ce mata akwala, to za ka sauka a tsakiyar hanya da buhunka.

Da Fijon nan ya ci ya sha, da ita ya aurar da 'ya'ya. Matarsa Huraira kan ce da safe motar yake fara duba yadda ta kwana kafin mutanen gida. A kujerarta ta baya matan Agwada da dama suka yi naƙuda a hanyar asibiti, wasu ma ba su kai ba. A nan Paulina mai doya ta haifi ɗanta Natan, Mijinyawa yana tsaye a gefen titi ya juya baya yana addu'a. Tun daga ranar ba ta ƙara kiransa da wani suna ba sai Baba Direba.

Sai ido ya fara ƙi. Ranar da ya kusa take akuya yana zaton leda ce, ya dawo gida ya rataye makulli, bai ƙara fita lodi ba. Masu saye suka yi ta zuwa yana korarsu, don ba zai iya ganin Fijo tana jigilar gawayi ba. Burinsa ɗaya, ta ƙare rayuwarta a aikin da ya fi alfahari da shi, wato kai marasa lafiyar Agwada asibiti.

Ɗansa Izzuddeen, ma'aikaci a Abuja, shi ya kawo labarin wata gidauniya da ke karɓar tsofaffin motoci don tallafa wa ƙananan asibitocin ƙauye. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Mijinyawa ya ƙarasa sauran a zuciyarsa, har ya hango Fijo tsaye a ƙofar ɗakin shan maganin Agwada.

"Ka ce musu Agwada," in ji shi.

"To, Baba. Akwai bayanin yadda suke yi, bari in karanto maka."

"Bar shi. Sadaka zan yi, ba ciniki ba. Ban taɓa ba mabuƙaci abu na tsaya tambayarsa me zai yi da shi ba."

Izzuddeen ya mayar da wayarsa aljihu da sauƙin zuciya, don shi ma bai karanta ba, kuma yana sauri ya koma bakin aiki.

Haka aka tarbiyyantar da Mijinyawa: ba a bin diddigin sadaka, ba a kuma ba Allah abin da kai kanka za ka ji kunyar karɓa. Don haka ya sayar da bijimin da yake kiwo ya kai Fijo gareji. Aka yi wa injin garambawul, aka sa sababbin tayoyi, aka fesa mata farin fenti irin na motocin asibiti. Kujerar baya kuwa da kansa ya zaɓi ledar da aka rufe ta da ita, mai sauƙin wankewa, don ya san abin da kujerar za ta gani.

"Malam, ko ni da aka kawo gidan nan ban sha wannan gyara ba," in ji Huraira.

Bai gaya wa kowa ba sai Paulina, ranar kasuwa, ya kuma roƙe ta ta riƙe a cikinta. Ya manta cewa gaya wa Paulina magana daidai yake da yin shela a Agwada.

Ranar da za a zo ɗauka ya sa kayan Juma'arsa, ya ɗumama injin, yana shirin nuna wa sabon direba halinta. Sai ga janwe, motar jan matattun motoci, ta tsaya a ƙofar gida.

"Ai tana tashi, bugu ɗaya," in ji Mijinyawa.

"Haka tsarin yake, Baba," in ji mutumin da ya zo da ita. Ya ɗauke shi hoto a jikin motar, ya gode masa da ladabi, aka saƙala ƙugiya. Ko makullin ba wanda ya murɗa. Abin ya tsaya masa a rai, amma ya haɗiye tambayar don kada ya ɓata ladansa.

Bayan 'yan makonni, yana dawowa daga ta'aziyya a Liman Abaji, ƙafa ta gaji, ya zauna a wajen wani mai shayi kusa da filin 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Idonsa bai gane komai ba. Hannunsa ne ya gane ledar da ya zauna a kai, da ɗan ramin gefen hagu da mai kushin ya kasa cikewa: a kan kujerar bayan Fijonsa yake zaune. Ya miƙe a hankali ya shiga filin. Ga farar ƙofa jingine da bango, ga murfin injin a kan sikeli. Mai wurin ya ce a hannun wata gidauniya ya saye ta tare da wasu motocin. Injin da tayoyin tuni an raba, har ya yaba da kyawunsu.

Mijinyawa ya kira Izzuddeen. Wannan karon ɗan ya karanta bayanin har ƙarshe. Gidauniyar sayar da motocin take yi, ta sayi magani ta raba inda ta ga ya dace.

"Ba su yi mana ƙarya ba, Baba."

Wannan ne ya fi ƙona masa rai. Da cutarsa aka yi, da ya sami wanda zai yi wa Allah ya isa. Amma ba kowa, sai shi da ya hana a karanta masa.

Da ya isa gida ya tarar da tulin doya a tsakar gida, Paulina na zaune kusa da Huraira fuskarta cike da fara'a.

"Baba Direba, ni fa ban iya riƙe magana ba, ka yi haƙuri. Mutanen coci da na masallaci duka sun haɗa hannu, mun yi mata rumfan kwano a gefen asibiti, kada rana ya ɓata fenti. Natan ɗina ya ce shi zai tuƙa, tunda a ciki aka haife shi. Yaushe za ta iso?"

Mijinyawa ya dubi doyar, ya dubi matar. Ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Maman Natan, kun sha hanya. A kawo muku ruwa."

Doyar nan bai iya cin ko yanka ɗaya ba, Huraira ta rabar wa maƙwabta. Rumfar kuwa tana nan a Agwada har yanzu. A ƙarƙashinta masu naƙuda ke zama su jira ɗan acaɓa.