Jirgi Ya Tsaya, Bai Sauko Ba

Shekarun baya can, yayana ya samu aiki a jirgin ruwa mai dakon kaya zuwa ƙasashen waje. Ni da ban taɓa ƙetare abin da ya fi gulbin Kaura ba, na riƙa cika baki a kasuwar Shinkafi kamar jirgin nawa ne.

Sai ciwo ya kwantar da mahaifinmu. Kullum maganarsa ɗaya: yayana ne zai sa shi a kabari. Na kira yayan nawa a waya, aka yi sa'a jirginsu ya tsaya a wata tasha a Turai. Shugaban jirgin ma ya ba shi izinin tafiya gida.

Ashe izini bai isa ba. Akwai katin shaida na ma'aikatan jirgin ruwa da ƙasashe suka amince da shi, mai shi yana iya sauka ya wuce filin jirgin sama ba wahala. An ce ƙasarmu ta sa hannu a yarjejeniyar tuntuni, amma sabon katin bai taɓa zuwa hannunsa ba. Wanda hukuma ta ba shi tsohon yayi ne, na'urar jami'an tashar ta ƙi karanta shi. Abokan aikinsa na wasu ƙasashe suka sauka shan iska, shi yana tsaye a saman jirgi yana kallon motoci.

Na yi wa mahaifiyata bayani. Ita kuwa a tashar jirgin ƙasa ta Kaura ta tashi tana tallar gyaɗa, inda layin dogo ya ƙare, kowa sai ya sauka.

Ta ce, "Jirgin ya tsaya ko bai tsaya ba?"

Na ce, "Ya tsaya, Inna."

"To mi ya hana shi sabkowa? Ɗaure shi anka yi?"

Na ce kati ne. Ta dube ni kamar na zage ta. "Uba na kwance, ka ce mini kati?"

Jirgin ya tashi da shi. Baba ya cika jirgin na tsakiyar teku, ni na shiga kabarin a madadin yayana. Sai bayan sadakar arba'in ya iso. Ya durƙusa gaban Inna yana kuka, ya fito da katin ya nuna mata. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce ta yafe masa.

Wannan yafiyar ce ta karya shi, don mai laifi ake yafe wa. Bai koma ruwa ba, yanzu noma yake yi a wajen Zurmi, in hanya ta yi lafiya.

Har yau abin yana cin raina. Waɗanda suka yi sakacin ba su ma san muna duniya ba, ba kuma wanda zan kai gaban tsohuwar ya shaida mata gaskiya. Ran nan na ji tana ba wata baƙuwa labari a tsakar gida, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Yaron kirki ne," in ji ta. "Amma jirgi ya tsaya, bai sabko ba."