Ranar Da Na Ambaci Tabar Baba

Injin niƙan da mahaifinmu ya bar mana a garin Isa, da mutum a cikinsa ya bar shi. Dattijo ne, abokinsa tun suna samari. Shi ke tada injin, shi ke jin ciwonsa tun kafin ya tsaya. Baba muke ce masa. Ni ke biyansa albashi, ni kuma ke durƙusawa in gaishe shi.

Baba na shan taba. Bayan shago yake zagayawa, ya dawo yana tauna kanumfari, ni kuwa in dubi ƙasa. A wajenmu ɗa ba ya ganin tabar uba, ko da hayaƙin ya shige masa hanci.

Sai tari ya kama shi, irin wanda ke sa mutum dafa bango. Wata rana na ga jini a ƙyallen da yake goge baki. Wani ma'aikacin asibiti ya gaya mini ƙurar gari da taba sun taru a ƙirjinsa, kuma akwai likita a Sakkwato da ke taimaka wa masu son bari.

Na sami yayana, da yake tare muka gaji injin, na ce mu ɗauki nauyi.

"Kai dai akwai neman magana!" in ji shi. "Mu munka kunna mishi? Aiki munka ɗauke shi, ba reno ba. In ka biya ma wanga, gobe mai cin goro ma shi taho."

Na ji haushi ƙwarai, amma ba shi ne matsalata ba. Ta yaya za ni buɗe baki? Na ba Baba kuɗi na ce na maganin tari ne, ya sayo wa 'ya'yana rake da su. Na nemi sa'ansa da zai yi masa magana, ashe tare suke sha.

Wata Laraba bayan la'asar, da masu niƙa suka watse, na daure.

"Baba, Litinin za ni Sakkwato. Ku zo mu tafi tare, inji zai biya. Akwai likitan da ke raba mutum da taba."

Ya daɗe yana goge hannu. Sannan ya ce, "To, Alhaji. Allah shi yi albarka."

Alhaji! Mutumin da tun ina rarrafe "ɗana" yake ce mini.

Washegari maƙwabcinsa ya kawo mini makullin shago. Sau uku ina zuwa gidansa ban haƙuri, ana cewa ya fita. Yayana ya ɗauki wani ma'aikaci.

Yanzu Baba na aiki a wani shagon inji a garin Bafarawa, wanda ko taga ba shi da ita. An ce tarin ya ƙaru, har sallah a zaune yake yi. Mai injin baƙo ne, bai san mahaifina ba, kuma ba ruwansa da ƙirjin kowa.