Ranar da Akuya ta Tona Min Asiri a Asibitin Kazaure

Na ga abubuwa da yawa a rayuwata, wasu sun gudu daga kaina, amma ranar da aka tara mu gwajin lafiya a Kazaure ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yanzu in na tuna ta sai in yi dariya ni kaɗai.

Da ƙuruciyata, bayan an samu 'yancin kai, na yi shekara tara a Kano ina aiki a wani kamfanin sayen gyaɗa. Aikinmu shi ne feshin maganin ƙwari a kan buhuna. Akwai na ruwa da muke goyawa a baya, akwai wata farar hoda da muke barbaɗawa da hannu. Tsumma kawai muke ɗaurawa a hanci, in zafi ya yi yawa mu cire shi mu goge gumi. Da gyaɗa ta ja baya bayan fari, sai aka sallame mu, na koma garinmu Roni na kama noma.

Bayan an daina fam da sule an koma naira, sai ga sanarwa a rediyo cewa duk wanda ya taɓa aikin feshi daga yankinmu ya je asibitin Kazaure a duba lafiyarsa kyauta, kuma kada ya karya kumallo. Ni dai ban so zuwa ba. Na kai shekara biyu ina fama da tari da nauyin ƙirji, na kuma riga na yanke wa kaina hukunci cewa gubar nan ce ta cinye ni, in na je za su gaya min kwana nawa ya rage. Mai ɗakina ce ta ƙi yarda. Ba ta yi faɗa ba, kawai ta fito min da kekena ƙofar gida bayan asuba, ta ɗaura curin fura biyu cikin tsumma a bayansa, ta ce in sha bayan an ɗebi jinin. Na hau na kama hanya.

Na isa na tarar da tsofaffin abokan aiki kusan duk sun hallara, wasu daga Babura, wasu daga Gwiwa. Wani Bafulatani abokin wasana da muka yi ɗaki ɗaya a Kano ya rungume ni, ya ce ashe ƙwari sun mutu sun bar mu. Muka zauna ƙarƙashin darbejiya ana ta tsohon labari, kowa yana nuna shi garau yake. Na jingina kekena can jikin shinge, nesa da ɗakin gwaji.

Aka ɗebi jini, aka auna nauyi, lafiya ƙalau. Da aka tambaye ni ko ina tari, na haɗiye wanda ya taso min na ce a'a. Sai aka tura ni wurin gwajin ido. Wata nas ce a wurin, Kirista daga kudu, amma Hausa a bakinta kamar 'yar Kano. Ta zaunar da ni, ta rufe min ido ɗaya, ta nuna wani allo mai baƙaƙen boko ta ce in karanta na sama.

Ni kuwa a lokacin ko harafi ɗaya na boko ban sani ba. Na yi karatun allo, ina rubuta wasiƙa da ajami, amma wannan sai dai kallo. Ga abokaina a bakin ƙofa suna leƙe, waɗanda na daɗe ina yi wa burgar cewa ni ɗan birni ne. Kunya ta rufe ni. Sai na ce mata ba na gani.

Ta matso da ni, na ce ba na gani. Ta nuna harafin da ya kai girman tafin hannu, na ce duhu kawai. Na ga fuskarta ta canza, ta yi rubutu mai tsawo a katina, ta fita ta kira likita. Na ji suna maganar wai maganin feshin ya taɓa jijiyar idona, gobe za a sa ni a mota zuwa Kano. Abokin wasana har ya fara share ƙwalla a bakin ƙofa. Ni kuma na taɓa jin ana cewa a Kano fiɗa ake yi wa ido. Ga shi na ɓoye ciwon da nake da shi, na ƙirƙiro wanda ba ni da shi, kuma ban san ta inda zan janye ba.

Ina cikin wannan hali sai na ɗaga kai na dubi taga. Can jikin shinge, wata jar akuya ta ɗora ƙafafunta a kan kekena tana jan tsumman furar. Ni da tun jiya ban ci komai ba. Ban san lokacin da na miƙe ba, na ce wa abokina ya yi maza ya kore ta, ga ta can mai farin kunne, ta riga ta cinye curi ɗaya.

Nas ɗin ta je taga ta kanne ido ta daɗe tana dubawa kafin ta gano akuyar. Ta juyo ta ce, "Malam, ni da tabarau ban ga farin kunnen ba. Kai da wane idon ka gani?"

Likita ya yi dariya har sai da ya dafa tebur. Na sunkuyar da kai na faɗi gaskiya. Ba wanda ya yi min gori. Nas ɗin ta ce laifinsu ne da ba su tambaya ba, ta juya allon, ashe a bayansa akwai wata alama mai yatsu uku da kawai za ka nuna inda ta fuskanta. Na bi ta har layin ƙarshe. Abokaina uku da ke bayana suka ce su ma wannan gefen suke so.

Sai likitan ya ja kujera kusa da ni ya ce, "To Malam, tunda an fara faɗin gaskiya, me kuma ka ɓoye mana?"

Nan na gaya masa batun tarin. Ya saurari ƙirjina, ya sa aka ɗauki hotonsa, ya yi ta tambayoyi har muka zo kan abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Lokacin da na baro Kano na taho da babban gwangwani na hodar nan, ina barbaɗa wa wakena duk kaka, kuma a ƙarƙashin gadona nake ajiye shi don kada yara su taɓa. Ya ce aikin da na yi ya ɗan raunana huhuna, amma abin da ke hana ni sauƙi shi ne na kwaso aikin na kawo shi ɗakin kwanana. Ya ba ni magani, ya ce in kawo musu gwangwanin su san yadda za su yi da shi, a wanke ɗakin, waken kuma kada a ci, a kawo matata da yara su ma a duba su.

Muka yi haka. Iyalina aka same su lafiya, ni kuma kafin damina tarin ya ragu har ina huɗa yini guda ba tare da na zauna ba. Abokin wasana an gano masa ciwon hanta da wuri, ya yi jinya a Kano, ya ƙara shekaru masu yawa yana tsokanata. A ranin shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci, ga shi da hannuna nake rubuta wannan da boko.

Abin da na koya shi ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara biyu na yi ina tsoron abin da likita zai faɗa, alhali maganata yake jira ya taimake ni. Tun daga ranar, in ban sani ba sai in ce ban sani ba, in wani wuri na ciwo sai in nuna shi, ko da duk garin ne a bakin ƙofa.