Awon Murmushi

Tsohon yana zaune a kujerar likitar haƙori, hularsa a gwiwa, hannunsa ba ya barin bakinsa ko gaisawa zai yi. Ba shi da haƙori ko ɗaya. Ƙashin muƙamuƙin ma ya zaizaye, dasashin ya kwanta sumul, babu tudun da haƙoran roba za su kama. Likita tana kallon karin gugar rigarsa, tana raya cewa wannan ɗan ƙwalisa ne a zamaninsa.

Ta cika ɗan farantin awo da ƙullu mai laushi, ta ɗora a dasashin a hankali.

"Baba, motsa harshe. Yauwa. Yanzu yi murmushi sosai, ƙullun ya ɗauki siffar kumatunka. In ba haka ba, haƙoran za su riƙa faɗowa."

Hannun ya tashi zai rufe bakin. Matarsa da ke gefe ta cafke shi.

"Malam, da murmushin nan fa ka ruɗe ni. Yau kuma kunya?"

Kumatun suka buɗe, idanunsa suka ciko. Likita ta riƙe farantin har ƙullun ya daskare, da murmushin a ciki.