Filas ɗin da ke ƙarƙashin gadon Inna

Bayan gobarar kasuwar Taminus ne aka kwantar da Inna, mahaifiyarmu, a asibiti saboda ciwon suga da hawan jini. Ni ce mai jinya, na rufe shagon ɗinkina na tare a gefen gadonta.

Kullum da hantsi yayarta, wadda muke kira Iya Babba, takan zo daga Anguwan Rogo da filas biyu. Ɗaya na kunun acca ne, don ta raina kunun asibitin, shi ake ɗorawa a kan lokar gefen gado. Ɗayan kuma ƙarƙashin gado ake tura shi, jiƙo ne baƙi ƙirin mai ɗaci. Ba mu kaɗai ba ne. Duk sanda mai shara ta zura tsintsiya ƙarƙashin gadajen ɗakin, sai ka ji kwalabe suna gaisawa.

Inna ba ta nuna bambanci. Takan haɗiye ƙwayar likita, nas na juya baya ta kora da kofin jiƙo.

Wata safiya muna cikin hira sai gumi ya keto mata, harshenta ya karye, ta sulale. Nas ta auna, ta ce suga ya faɗi warwas. Da ƙyar aka farfaɗo da ita da ƙarin ruwa.

Likitan mutumin Bukuru ne, bai da hayaniya. Ya sunkuya da kansa ya jawo filas ɗin, ya shinshina.

"Mama, mene ne wannan?"

"Shayi ne, likita," in ji Iya Babba.

"To a zuba mini."

Ba wanda ya motsa.

Na zaci korarmu zai yi. Sai ya ce a kawo masa wadda ta haɗa maganin, yana son su gaisa.

Washegari ta zo, wata dattijuwa mai kasa saiwoyi a bakin ƙonanniyar kasuwar. Ta kwance ƙunshinta a kan teburinsa: shuwaka, garahuni, sassaƙen maɗaci da jar kanwa. Likita ya ce ganyen nata na iya sauke suga, ƙwayarsa ma aikinta ke nan, su biyu suka taru a kan tsohuwa ɗaya. Kanwar kuwa ya ture ta gefe, ya ce tana tayar da jini.

"Kanwa ce ke buɗe magani," in ji ta.

"Hajiya, wannan karon a bar shi a rufe."

Sun daɗe suna ja. A ƙarshe ta haƙura da kanwa da maɗaci, shi kuma ya yarda da ɗan ƙaramin kofin jiƙon bayan abinci, a gaban nas, a riƙa awo. Ita ma ta kafa nata sharaɗin, cewa a daina ce wa maganinta gargajiya da irin wannan muryar ta raini.

Da za ta tafi ta hango abin awon jini, ta miƙa hannu, wai ta gani ko yana aiki. Aka auna ta, jininta ya fi na Inna hawa. Ta ce injin ne bai saba da ita ba, amma ta karɓi ƙwayoyin da likita ya ba ta ta ƙulle a bakin mayafi.

Aka sallami Inna da ƙafafunta. A cikin Keke Napep Iya Babba ta ce asibitin ba laifi, sai dai ba su iya dama kunu ba.