Kimbar Yajin Inna

Shekarun baya, ina ɗauke da cikin fari, na yi wani kishi da har yau bai gama fita daga raina ba. Da matar yayana na yi shi, kuma a kan kimba.

Mahaifiyata ta yi suna a Ƙofar Marusa wajen haɗa yajin jego. Citta da kanumfari da masoro kowa na sawa, amma sirrin nata a kimba yake, 'ya'yan wata doguwar bishiya ta dazukan kudu. Ta san yadda ake fasa ta a zubar da ƙwayayen ciki masu ɗaci, da iya gashin da za a yi mata kafin ta shiga turmi. Masu jego kan ce yajin yana kwantar musu da ciwon mara, ya kori sanyi. A wurin kakata ta koya, ni kaɗai ce kuma 'yarta mace. Ban taɓa cewa ta koya mini ba, don a ganina abin nawa ne, jirana kawai yake yi.

Wata rana na je gida, sai na tarar da ita da matar yayana a tsakar gida, faifai a gabansu. Inna ta kai mata kimba hanci tana cewa, "Shinshina wagga. Kin ji hayaƙi? Irinta za ki riƙa zaɓa."

Na ce, "Inna, kawo in taya ku."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ke zamna can, ƙaurin zai tada maki zuciya."

Na zauna kamar baƙuwa a gidan ubana. Daga ranar, baiwar Allah matar yayana ba ta sake yin daidai a idona ba. In ta gaishe ni, iyayi ne. In ta yi shiru, girman kai ne. Har kasuwa na shiga na sayo kimba don in nuna abin a jini yake. Na daka ta da ƙwayayenta duka, na zuba a miya. Mijina ya ci loma ɗaya, ya daɗe yana kallon bango, sannan ya tambaye ni ko ya yi mini wani laifi ne.

Da na haihu aka dawo da ni gida wanka. Matar yayana ta daka yaji, ƙamshinsa sak na Inna, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Aka barbaɗa a farfesu aka kawo mini, na ture kwanon, ga mara tana murɗa mini.

Inna ta shigo ta ce, "Mi ya hana ki ci?"

Sai hawaye. "Ni ce ɗiyarki, amma ita kika ba."

Ta zauna bakin gado, ta miƙo mini hannayenta. Rawa suke yi, ban kuma taɓa lura ba.

"Taɓarya ta fi ƙarfina yanzu," in ji ta. "Kin taɓa ganin mai jego ta tashi ta daka yajinta? In ke na koya ma, kowa ya samu mai daka mashi, ban da ke."

Na jawo kwanon na cinye, har romon.

Inna ta rasu kafin haihuwata ta biyu. Tun daga nan, duk haihuwar da zan yi, matar yayana ce ke zuwa da yaji kafin ma a aika mata. Ina ƙaunarta, Allah ya sani. Amma ranar suna, in mata suka ɗanɗana suka ce mata, "Kai, hannun Hajiya sak," sai in ji wani abu ya soke ni, in yi kamar ina gyara wa jariri zane. Ta sha cewa in zo ta koya mini, ni kuma kullum sai in ce sai na samu lokaci. Gaskiyar ita ce na fi son a daka a kawo mini, yadda Inna ta tsara.